Harsashi Mai Kwali

Shiroro, 8 ga Nuwamba, 1987

Zuwa ga taubashiyata Malama Ruƙayyatu, Giyawa.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baffa Mode da ɗana Zayyanu. Ni lafiya lau, sai ciwon bayan da katafila ta saba ba masu tuƙa ta. Aikin madatsar nan ya fi na Goronyo dutse, amma kamfanin ɗaya ne, tsawar ma ɗaya ce.

Saƙon Baffa ya iso ni ta bakin Siddiƙu mai motar albasa, wai bana zai buɗe wa Zayyanu hannu, ya yi harbinsa na farko a gaban maharba. Ban yi musu ba. Baffa shi ne Sarkin Baka, ba shi da ɗa namiji a raye, ni da zan gaje shi na bi aikin kamfani. Idonsa na kan yaron nan tun yana rarrafe. Sharaɗina ɗaya: ba da adakar Baffa ba. Bindigar nan ta girme ni, bakinta ya cinye, ranar da za ta fashe ba za ta yi sallama ba.

Na shiga Kaduna na samo wata mai baki ɗaya, marar nauyi, da takardar izininta. Inda na tsaya shi ne harsashi. Mai shagon ya zube mini iri biyu. Ɗaya mai kwali, ƙwayoyin dalmarsa ƙanana kamar gero, albarushinsa kaɗan, ba ya dukan kafaɗa, amma ba ya kai nesa. Ɗayan mai roba, ƙwayoyinsa manya, yana kayar da babban tsuntsu kamar dinya daga nesa, yana kuma iya kayar da mai harbin. Sai ya tambaye ni nauyin yaron. Shekara biyu rabona da ɗana, ban san nauyinsa ba.

Saboda haka ki auna mini shi. Ki kuma gaya wa Baffa ina so yaro ya fara da gwangwani a kan kara, ya saba da ƙarar, kafin a kai shi ga tsuntsu. Tunda Baffa ba ya karatun boko, ke ce bakina a wurinsa. Ki karanta masa a hankali, ba da muryar da kike razana 'yan aji huɗu ba.

Naki,
Ƙasimu

Giyawa, 22 ga Nuwamba, 1987

Zuwa ga Ƙasimu, sarkin gudun gida.

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Kawu Mode yana fama da gwiwa, amma ba ta hana shi faɗa ba. An fara dashen albasa, kowa ƙafarsa cikin laka.

Na kai ɗanka asibitin Goronyo ranar kasuwa, na roƙi malamin ya ɗora shi a sikeli. Kilo talatin da ɗaya, da takalmansa. Shekararsa goma sha biyu, in ka manta. Doguwa ce ƙafar, kafaɗar kuwa babu komai sai ƙashi.

Na karanta wa Kawu wasiƙarka a zaure. Da na kai wurin gwangwani ya ɗaga mini hannu.

"Gwangwani? Mi gwangwani yay yi mai? Mu ba mu harbin abin da ba a ci. Ubanai ya san doka. Harbin hwarko gaban mutane aka yi nai, kan abu mai rai. In ta tashi, ɗanmu na. In ta ƙiya har sau ukku, bindiga ta ƙi shi, sai shi nemi wata sana'a."

Maganar adaka ya yarda da ita cikin sauƙin da ya ba ni mamaki. Ina jin shi ma ya fara tsoronta. Harsashi kuwa cewa ya yi: "Shi aiko mai ƙarhi. Dajin da munka sani ruwan dam ya cinye shi. Babu gada, babu zomo. Dinya ɗai tar rage, ita ko ba ta bari a matso."

Ba ka tambayi ra'ayina ba, amma ga shi. Na karɓi yaron nan yana wata goma sha huɗu, ranar da aka yi bakwan mahaifiyarsa. Ni na yaye shi, ni na koya masa baƙi. Jarrabawar shiga sakandare tana watan Maris, kuma duk ajinsa babu mai kama ƙafarsa a lissafi. Tun da aka fara zancen bindigar nan, littafinsa a rufe yake. Yana zaune a zaure yana goge wa Kawu ƙahon albarushi da burgamin farauta. Ba na son abin nan, Ƙasimu, ko da harsashin auduga ne. Na faɗa, na fita.

Ruƙayyatu

Shiroro, 10 ga Disamba, 1987

Taubashiya,

Ina gaishe ki, ina gaida Baffa da gwiwa. Na ji ra'ayinki. Buɗin hannu rana ɗaya ne, makaranta kuwa tana nan, ba inda za ta. Kada ki ɗora wa kanki abin da bai kai ba.

Siddiƙu zai kawo bindigar a naɗe cikin tabarma, da harsashi goma. Na zaɓi mai kwali. Kilo talatin da ɗaya ba zai ɗauki mai roba ba. Ki gaya wa Baffa na bar maganar gwangwani, shi ma ya bar maganar dinya. A kai yaro fadamar Wurno, inda agwagin kirinjijiya ke sauka cikin shinkafa. Ana iya matsa musu taki ashirin, kuma ƙaramin harsashin nan ya ishe su.

Wannan sakin layin naki ne, kada ki karanta masa. Ranar nawa buɗin hannun, Baffa ya ɗura mini adaka da albarushi yatsa huɗu. Na kayar da zabuwa, mata suka yi ta guɗa, ni kuwa wata biyu ban iya ɗaga hannuna na sa riga ba. Tun ranar, in zan ja kunamar bindiga sai idona ya rufe da kansa. Maharbi mai rufe ido ba maharbi ba ne. Kowa yana cewa kwaɗayin albashi ya fitar da ni daga gida, na bar su a haka. Ba na so a yi wa ɗana abin da aka yi mini.

Wannan kuwa ki karanta masa sau biyu. Na san kafin buɗin hannu Baffa yana jiƙa ƙarafan adaka cikin rubutu, ya shanya su, sannan ya ɗura. Wannan harsashin ba a yi masa haka. Albarushinsa yana ciki, kwali kuma yana shan ruwa. In ya jiƙe ya mutu, ko an shanya shi. Yaro ya sha rubutun ya shafa, ya wadatar. Kada ruwa ya taɓa harsashin.

Ki rubuto mini da zarar an gama.

Ƙasimu

Giyawa, 24 ga Janairu, 1988

Ƙasimu,

Muna lafiya. Takardunka biyu na cigiya sun iso, ban amsa ba don ban san ta inda zan fara ba. Siddiƙu ya ce in ban ba shi amsa wannan karon ba, shi zai gaya maka da baki, to gara ka ji daga gare ni.

An yi abin ranar Asabar ta biyu ga wata, a fadamar Wurno, bayan sallar asuba. Maharba goma sha ɗaya suka zo, daga nan, da Tursa, da Rabah. Mu matan da za mu dafa naman muna tsaye a kan gaɓar magudanar ruwa, da tukunya da itace. Kirinjijiya sun sauka da yawa, har shinkafar ta yi duhu.

Zayyanu ya shiga da rarrafe yadda aka koya masa, Kawu na bayansa. Ya durƙusa, ya ɗora kunci, ya ja. Muka ji ƙas. Tsuntsu ko ɗaya bai ɗaga kai ba. Kawu ya karɓa, ya ɓalle bindigar, ya sa wani. Ƙas. Kawu ya sa na uku. Yaron ya daɗe kafin ya ja. Shi ma ƙas.

Wani tsoho na Tursa ya tofa addu'a ya juya. Kawu ya zare bindigar daga hannun yaron a hankali, ya ce yadda kowa zai ji: "Ta ƙi shi. Allah ya ba kowa abincinai, nashi ba nan shike ba." Muka kwashe itacenmu muka hau mota.

To, an gama. Bindigar tana rataye a ɗakin Kawu. Na ciro wa Zayyanu littattafansa na jera masa. Saura mako bakwai jarrabawa. Kafaɗarsa lafiya lau, tunda abin da ka fi damuwa da shi ke nan.

Ruƙayyatu

Shiroro, 3 ga Fabrairu, 1988

Ruƙayyatu,

Na gode da labari. Da fatan kowa lafiya.

Harsashi goma sha biyu na saya. Na aiko da goma, biyu suka rage cikin aljihun jakata. Jiya na ari bindigar wani maigadi a nan, muka je bayan inda ake fasa dutse. Na sa na farko ya tashi. Na sa na biyu ya tashi. Kwali ɗaya, shago ɗaya, rana ɗaya na saye su. Bindigar da na aiko kuwa an gwada ta a gabana a Kaduna.

Harsashi ɗaya yakan ƙi. Uku a jere ba sa ƙi sai da dalili. Tambayata biyu ce, kuma ina son amsar kowace dabam. Ruwa ya taɓa su? Kin karanta wa Baffa layin nan?

Ba ki gaya mini yadda yaron yake ba. Kin gaya mini yadda kafaɗarsa take.

Ƙasimu

Giyawa, 14 ga Fabrairu, 1988

Ƙasimu,

Lafiyar jiki muna da ita. Ga amsoshinka.

Ruwa ya taɓa su. Kwana biyu kafin a tafi, da la'asar, na ga Kawu ya zuba goman cikin ƙoƙon rubutu ya rufe da faifai. Washegari na gan su a kan zana suna shan hantsi. Sun kumbura, sai da ya danna da babban yatsa kafin ɗaya ya shiga bindigar.

Ban karanta masa layin ba. Ka ce in tsallake sakin layi ɗaya, na tsallake biyu. Ba mantuwa ba ce. Idona yana kan layin, bakina ya wuce zuwa sallama. Na lissafa cewa za a ji kunya ta yini ɗaya, yaro ya yi kuka, ya dawo mini da littafinsa. Na tsaya a bakin madafi ina kallon ƙoƙon nan, taki biyar tsakanina da shi, ban ɗaga ƙafa ba.

Lissafin bai fita ba. Zayyanu bai yi kuka ba. Yana zuwa makaranta, ya zauna, ya dawo. Yara sun sa masa suna Taƙishi, har 'yan aji ɗaya suna kira. Ya daina bi ta zaure, ta ɓarauniyar ƙofa yake shiga gida don kada su haɗa ido da Kawu. Tuwo sai na tsaya a kansa. Rannan na ba shi lissafin da yake yi ido rufe, ya dube shi ya ce, "Inna, mi za ni yi da shi? Ko wanga ma ƙi na zai yi."

Akwai na biyu. Makon jiya Kawu ya ɗauki bindigar shi kaɗai ya tafi bakin dam da sauran bakwai ɗin. Ya dawo da azahar, ya zauna a zaure bai cire takalmi ba. Ya ce mini: "Ruƙayya, ba yaron ɗai tag ƙi ba. Ni ma ta ƙi ni. Bakwai nij ja, bakwai sunka ƙiya. Gidan ga na anka ɗauke ma abin." Ya aika wa maharba cewa bayan sallar Juma'a ta ƙarshen wata zai ajiye sarautar baka, su nemi wani a Tursa.

Ina jin kunya, kuma ina jin tsoro. Har yanzu ba na son yaron nan ya riƙe bindiga, wannan bai canza ba. Ka faɗi abin da za ka faɗa.

Ruƙayyatu

Shiroro, 20 ga Fabrairu, 1988

Ruƙayyatu,

Na karanta. Ba ni da abin faɗa da ba ki riga kin faɗa wa kanki ba. Ke kika riƙe shi shekara goma sha ɗaya, ni ina kan katafila. Ba zan zage ki ba. Amma ban ji daɗi ba, kuma zan daɗe ban ji ba.

Na nemi izinin kwana huɗu an hana ni, ana zuba kankare. Ga harsashi biyar a hannun Siddiƙu. Masu roba ne, masu ƙarfin. Siddiƙun ya gaya mini an rufe ƙofar ruwan Wurno, kirinjijiya sun tashi, babu abin da ya rage sai dinya a kan dam. Ƙaramin ba zai kai gare su ba. Abin da na guje wa yaron tun farko, shi zai ɗauka yanzu. A naɗe masa tsumma mai kauri a kafaɗa, ya matse gindin bindigar da kyau, kada ya bar fili.

Kin san doka: bayan uku ba a sakewa, sai in Sarkin Baka ya faɗi dalili a gaban mutane. Ba zai faɗi abin da bai sani ba. Ban rubuta masa komai ba, ban kuma gaya wa Siddiƙu ba. Wasiƙar goma ga Disamba tana hannunki.

Ƙasimu

Giyawa, 6 ga Maris, 1988

Ƙasimu,

Gaisuwa. Kowa lafiya, an fara cirar albasa, gwiwar Kawu da sauƙi.

Harsashin sun kwana biyu a ƙarƙashin gadona. Ranar Laraba da hantsi na ɗauki wasiƙar na tafi zaure. Na kira Zayyanu na ce ya zauna. Na yi tunanin in bar shi a waje, sai na ga in zai ji, gara ya ji daga bakina. Na karanta layin. Naka sakin layin ban taɓa shi ba.

Kawu ya ce, "Koma karantawa." Na sake.

"Yaushe takardag ga taz zo?"

"Tare da bindigar, Kawu."

"Kin gane ni ina jiƙa su?"

"Na gane ka."

Sannan ya ce, "To," ya miƙa hannu na ba shi biyar ɗin. Zayyanu ya tashi ya fita, bai dube ni ba.

Ranar Juma'a maharba suka taru don karɓar sarauta. Siddiƙu yana wurin, shi ya kawo mini yadda aka yi. Kawu ya miƙe ya ce: "Ni nij jiƙa harsashin, awa yadda muka yi ma adaka. Tsuhwa ta da rashin sani. Yaro ba shi da laihi." Bai ambaci wasiƙa ba, bai ambace ni ba. Tsohon nan na Tursa ya ce doka doka ce, ukku ukku ne. Kawu ya ce masa, "Doka cewa tay yi in bindiga ta ƙi yaro. Wagga ba ta ƙi kowa ba, gawa anka ba ta." Aka yi ta gardama har la'asar, aka yarda a ba shi harbi ɗaya.

Jiya aka yi, a bakin dam, gabas da Goronyo. Kawu ya ba shi rubutu ya sha, ya shafa masa a hannu. Harsashin bai ga ruwa ba. Dinya shida suna can nesa a kan wani tudun yashi. Yaron ya shiga ruwa har gwiwa, da tsumman zanena a kafaɗarsa. Ƙarar sai da ta kaɗa ni daga inda nake tsaye. Da hayaƙi ya wuce, yana zaune cikin laka ruwa har ƙirji, hancinsa na jini, bindigar a sama bai sake ta ba. Biyar suka tashi. Ɗaya ta tsaya a kan yashi tana bugun fiffike.

An yi guɗa. Ni na fige ta, ni na dafa. Kafaɗarsa ta yi baƙi har wuya, amma babu karaya, malamin asibiti ya duba. Na san za ka so ka ji ko ya rufe ido. Ina nesa, ban gani ba. Na tambaye shi, ya ce in tambayi Kawu.

Da yamma na narkar da man shanu na kai masa, ya ce an riga an shafa masa. Ya naɗe tabarmarsa daga ɗakina ya kai ɗakin Kawu. Littattafan ya tafi da su. Jarrabawa ranar Asabar mai zuwa ce a Wurno, ya ce zai je, kuma ya ce Siddiƙu zai kai shi. Yana gaishe ni da safe, a durƙushe, yadda ake gaida maƙwabta.

Kawu bai canza mini fuska ba, ko kalma ɗaya bai ƙara a kan maganar ba. Saƙo ɗaya ya ba ni in isar maka. Ya ce daga yau in za ka rubuto masa, ka rubuta da ajami, komai munin hannunka, zai karanta da kansa. In kana da wata magana tawa, ka sa ta a takarda dabam.

Ruƙayyatu